Abin da renon ƙwayoyin iPS ya koya min

Masu tambayata wai da gaske ne ana noman zuciya da ƙoda a lab, a'a ba a kai nan ba tukuna, aikinmu dai renon ƙwayoyin halitta na asali ne da ake kira iPS, irin waɗanda za su iya rikiɗa su zama tsokar zuciya ko ƙwayoyin ido. Shinya Yamanaka na jami'ar Kyoto ne ya nuna hanyar samar da su a ɓera a 2006, a mutum kuma a 2007, har ya ci Nobel a 2012. Yanzu samar da su ba shi ne ciwon kai ba, yawansu ne.

Ciwon bugun zuciya sau guda na iya kashe ƙwayoyin zuciya wajen biliyan ɗaya, farantin roba kuwa 'yan miliyoyi yake bayarwa, shi ma sai ka tsare shi a inkibeta a digiri 37 kana canza masa ruwan abinci kullum, ba Asabar ba Lahadi, ka yi latti ka tarar ruwan da ka bari ja ya koma ruwan ɗorawa don sun cika shi da tsami. To faranti nawa za ka jera saboda mara lafiya ɗaya? Shi ya sa ake komawa tanki mai farfela, su dunƙule suna yawo a ruwa. Nan kuma wata rigimar ce, ka juya da ƙarfi su yayyage, ka juya a hankali su cure kamar gudajin kunu, na tsakiya su mutu don iskar oksijin ba ta ratsa su. Abin da ya yi kyau a faranti sam ba ya nufin zai yi a tanki.

Amma abin da ya fi zauna min shi ne saurin girma ba abin murna ba ne. Idan reno ya daɗe wasu ƙwayoyin kan samu ƙarin wani sashe a kuromozom na 20 (kuromozom shi ne ƙunshin bayanan gado da ke cikin ƙwaya), su daina mutuwa da sauƙi, su mamaye sauran, kai kana ta jin daɗin lissafi ya hau alhali waɗannan ne ba ka so a sa wa mutum, don tsoron cutar kansa. A madubin duba ƙananan halittu ƙalau suke wallahi. Shi ya sa a wajenmu duk tankin da ya cika kafin lokacinsa ba ya motsawa gaba sai an ɗebi samfur an tura gwajin kuromozom, ko da hakan zai ja mana jinkiri oga ya ɓata rai.