Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Makon da batirin motata ya mutu

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya ne a inda aka yi min canjin wurin aiki daga babban birni zuwa wani ɗan ƙaramin gari, da irin wuyar da muka sha wajen neman gida har muka ƙare a wani bene, ɗaki biyu da falo, daf da tsakiyar gari. To gaskiya gidan nan bai kwanta min ba ko kaɗan. Ni da na saba da gida mai fili a bayan gari, in buɗe get in shigar da mota in rufe abina, yanzu ga ni a hawa na biyu taga na kallon titi, in ka yi tari maƙwabci ya ce maka sannu. Na ce wa uwargida wata shida kawai za mu yi, ina samun wani a wajen gari mu tattara komatsanmu.

Ranar farko da zan je ofis na ɗau makullin mota kamar yadda na saba, minti uku na isa, sannan na ɓata minti goma ina zagaye neman inda zan yi fakin. Washegari don haushi na taka da ƙafa, minti 11 cif ina kan kujerata. Na duba a waya ashe mita 900 ne kacal, kuma dama mutum mai lafiya yana cin kusan kilomita 5 a awa. Ni da a wancan birnin nake fita yara na barci in dawo suna barci, awa ɗaya da rabi zuwa awa ɗaya da rabi dawowa, awa 15 kenan duk mako ina zaune ina kallon bayan motar wani, sai ga shi ina da lokacin da ban ma san me zan yi da shi ba.

Abin da na fara yi da lokacin shi ne raka ƙaramar 'yata makaranta. Tafiyar minti biyar ce amma da ita sai mu yi ashirin, don ba abin da ba ta tsayawa kallo, magen da ke kwana a kan matakalar laburare sai an gaishe ta, murfin kwalbati sai an tsallake shi da ƙafa ɗaya. Akwai wani dattijo mai gyaran agogo a kwanar layinmu, tabarau ɗaya manne a ido, kullum in mun zo wucewa sai ya ɗaga kai ya kalli agogunan bangonsa ya ce "jikata, yau kin makara da minti biyu." Ita kuma ta turo baki ta ce "Baba, agogonka ne ke gudu." A wannan hanyar na fara sanin sunan ƙawayenta, na san akwai wata da ke ƙwace mata fensir, na san tana tsoron lissafi. Wallahi kunya ta kama ni, shekara shida yarinyar nan tana gidana sai yanzu nake jin waɗannan.

A haka a haka mota ta yi sati uku a ajiye ban ko lura ba, tunda kantin magani da banki da asibiti da wurin aski duk ba wanda ya wuce minti goma. Ranar da tafiya ta taso na murza makulli, ƙyas ƙyas, shiru. Bakanike ya zo ya jona waya yana dariya ya ce "Yallaɓai, mota ba ta son zaman banza, ko ka riƙa tayar da ita ko ka sayar min." Uwargida tana taga tana ta ƙyalƙyala dariya.

Daga baya ne na gano ashe abin nan da na tsinta a ɓagas wasu da gangan suke gina shi. Akwai wani gari a Sifaniya, Pontevedra, mutanensa dubu 80 da 'yan kai, a 1999 suka zaɓi wani likita Miguel Anxo Fernández Lores magajin gari, ya hana motoci ratsa tsohon garin, daga baya aka ƙayyade gudu a kilomita 30, har taswira suka yi irin ta jirgin ƙasa mai nuna minti nawa za ka taka daga nan zuwa can. Shi kuma Farfesa Carlos Moreno na Paris a 2016 ya fito da batun birnin minti 15, wato birnin da duk abin buƙatarka na yau da kullum bai wuce tafiyar minti 15 daga gidanka ba, a ƙafa ko a keke. Ni dai a ganina ƙaramin gari ya riga su, kawai kar a ɓata shi. Minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a motsa jiki duk mako kuwa, ofis kaɗai na ba ni 110, rakiyar makaranta ta cike sauran, har bel ɗina ya koma rami ɗaya baya.

Amma kar ku ɗauka aljanna ce fa. Motocin sauke kaya tun asuba suke fara buga ƙofofi, ƙarshen mako hayaniya har dare, haya ta fi ta bayan gari tsada ga ɗakuna kamar akwatin ashana, baƙo in ya zo da mota sai ya yi zagaye. Sannan ba sirri, na sayi maganin ciwon kai da safe, kafin yamma mutum uku sun tare ni da ya jiki.

Wata shida na cika dillali ya kira ni, wai ya samo min irin gidan da nake so, fili da get da komai, kilomita 14 daga gari. Na sa wayar a sifika don uwargida ta ji. Ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da ninke kayan makaranta, can sai ta ce "Baban yara, in mun koma can wa zai riƙa raka ta?" Yadda muka ƙare da dillalin nan, da kuɗin da na riga na ba shi ba da saninta ba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.