Abin da Muke Dubawa Kafin Keke Ya Bar Shagona

Sana'ata gyaran keke ce, kuma a ɗan shagon da nake riƙe da shi tare da yaran da ke koyon aiki a hannuna akwai doka ɗaya da ba ma sassautawa: ko faci kawai aka kawo, keke ba ya fita sai an duba birkinsa. Yawancin masu zuwa wurinmu taya ce damuwarsu, domin ita ke hana su tafiya, alhali kuwa lalataccen birki ba ya nuna kansa sai a lokacin da ake neman tsayawa da gaggawa.

Nakan matse hannun birki tukuna, idan ya kai ga taɓa sitiyari kafin ya kama, to waya ta saki ko roba ta cinye. Robar birki tana zuwa da 'yan tsage-tsage a fuskarta, kuma da zarar sun shafe lokacin canji ya yi, ko da mai keken ya roƙi a bar masa ita zuwa wata mai zuwa. Daga nan sai in bi wayar da ido har inda noti ya danne ta, saboda a wurin ne silinta ke fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Birkin gaba na fi tsanantawa a kansa, tunda shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da keke, duk da cewa mahaya da dama suna tsoron taɓa shi.

Adadin iskar da taya ke buƙata yana rubuce a gefenta, kuma tub yana rage iska a hankali ko da bai huje ba, shi ya sa nake so a riƙa dubawa kowane mako. Idan na ciro tub na ga huda biyu dab da juna, na san ba ƙusa ba ce. Ƙarancin iska ne ya sa wili ya datse shi a bakin rami.

Sarƙa kuwa a goge ta da tsumma, a ɗiga mata mai kaɗan, a sake gogewa, domin man da ya yi yawa ƙura yake tarawa, kuma idan ya fantsama a wili birki ba zai kama ba. Aikin ƙarshe shi ne in riƙe birkin gaba in girgiza keken gaba da baya. Idan na ji wuyansa yana ƙwanƙwasa, sai an ɗaure shi kafin mai shi ya hau.