Godiya bayan zaman gwajin 'yan dabul bas a Samaru

Assalamu alaikum. Mu malaman da muka shirya zaman gwaji na kwana biyu ga yaranmu masu koyon dabul bas, wato babban gogen Turawa da ake kaɗawa a tsaye, muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu. An tashi lafiya, kowane ɗalibi ya koma gida da jerin kiɗan da zai kai gaban alƙalai, ko a makarantar MUSON ta Legas, ko sashen kiɗa na jami'ar Nsukka, ko makarantun waje masu karɓar bidiyo. Iyaye sun yi ta tambayar dalilin da ya sa aka sauke wa wasu yara kiɗan da suka zo da shi, don haka za mu haɗa godiyar da bayani.

Godiya ta farko ga Malama mai kaɗa fiyano, wadda ta gano matsalar saiti tun da safiyar ranar farko. Bas na okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa, tsirkiya huɗu gare shi, da ake saita su a kan sautunan E, A, D, G. Amma yawancin kiɗan da aka rubuta wa bas a matsayin jagora, an rubuta shi ne don wani saiti da ya ɗara wannan da mataki ɗaya: F mai ƙari, B, E, A. Konsheton Koussevitzky (konsheto kiɗa ne na jagora ɗaya tare da okestira), wanda aka fara kaɗawa a Mosko a 1905, haka yake, sonatar Hindemith ta 1949, ta bas da fiyano, ma haka. Idan yaro ya zo da saitin okestira, mai fiyano kuma tana riƙe da takardar ɗaya saitin, daga bugun farko za su raba hanya da mataki guda, kuma babu gwanintar da za ta ɗinke su. Maganin shi ne a nemi takardar fiyano da aka sauko da ita zuwa saitin okestira. Kada a ce za a ƙara wa tsirkiyoyin okestira ɗauri su hau. Ba a yi su don wannan nauyin ba: tsirkiya na iya tsinkewa, jaki, wato katakon da tsirkiyoyi ke hawa kansa, ya lanƙwashe, allon gaba ya sha wahala. A nan Zariya, inda bas ɗaya yake yi wa yara uku hidima, shawararmu ita ce a zauna kan saitin okestira, domin gutsattsarin okestira, wato gajerun yankunan bas da ake cirowa daga manyan kiɗe-kiɗen okestira, da shi ake kaɗa su, kuma sabuwar tsirkiya sai ta yi kwanaki kafin ta daina sauka.

Muna godiya ga Baba, tsohon malamin ƙungiyar mawaƙa daga Wusasa, da ya zauna kujerar alƙali yana tsayar da yara a tsakiyar kiɗa ba tare da jin nauyi ba. Abin da za su tarar ke nan. Alƙalai galibi minti 10 zuwa 15 suke bayarwa, kuma shafin farko ya ishe su su ji abubuwa uku: ko sauti yana zama daidai, ko bugu yana tsayawa, ko muryar bas ɗin tana fita da tsabta. Sunan mawallafi ba ya ƙara maki. Shi ya sa aka hana ɗalibi konsheton Henze na 1966, wanda aka rubuta wa Gary Karr. Kiɗa ne na gwanayen da suka ƙware, kuma mai shekara uku da riƙe baka, wato sandar goga tsirkiya, zai ɓata watanni a kansa ya fito da hannu a gajiye.

Kafin a zaɓi komai, a karanta takardar makarantar kalma bayan kalma. Wata ta ce kiɗan da aka rubuta bayan 1900, wata ta ce bayan 1945, kuma bambancin yana da girma. Koussevitzky ya shiga ta farko, bai shiga ta biyu ba, ga shi kuma salonsa na tsofaffin mawallafan Rasha ne, wasu alƙalan ba za su ƙidaya shi na zamani ba ko da shekarar ta yi daidai. Hindemith ya shiga duka biyun. A ganinmu shi ne ya fi dacewa da mafi yawan ɗalibanmu: kashi na farko gajere ne, bugunsa a fili yake, kuma yana nuna ko yaro ya iya ƙirga hutu ya shigo a daidai wurinsa tare da fiyano. Inda yake ka da mutane shi ne sautunansa ba sa bin hanyar da kunne ya saba, sai yaro ya kaɗa kuskure mako shida yana jin daidai ne. A rera layin da baki tare da fiyano kafin a ɗauki baka. Wanda ba shi da mai fiyano a kusa, ya duba Parable na 17 na Persichetti, na 1974, wanda bas kaɗai ke kaɗawa. Kiɗan Fryba na 1954 shi ma ba ya buƙatar fiyano, amma yana daɗewa a can saman wuya inda babban yatsa ke danne tsirkiya, don haka sai wanda hannunsa ya zauna a wurin.

Kan gutsattsarin okestira aka fi jan muhawara, kuma muna godiya ga ɗan'uwanmu da ya taso daga Kaduna da takardun da ya yi wa alamar yatsu. Uku sun isa idan makaranta ta bar zaɓi a hannun ɗalibi: ɗaya mai sauri, ɗaya mai waƙa, ɗaya mai nauyi. Na simfonin Mahler ta 1 (simfoni babban kiɗan okestira ne), kashi na uku, gaɓa takwas ne kacal, wato rukunin bugu takwas, a hankali, da abin rage sauti a kan jaki, ganga tana bugawa a ƙarƙashi. A takarda kamar darasin yara yake. Sai dai babu maɓoya a cikinsa: duk sauyin hannu ana jin sa, kuma kowace jimla sau biyu take zuwa, idan ta biyun ta bambanta da ta farko a tsayin sauti alƙali ya riga ya rubuta. Pulcinella na Stravinsky, na 1920, akasin haka ne. Bas da kakakin trombon ne ke amsa wa juna da ƙarfi, kuma kuskuren da aka saba shi ne danna baka har sauti ya shaƙe. A matso da baka kusa da jaki, a bar nauyin hannu ya yi aikin. Yankin bas a kiɗan Britten na 1945 yana farawa a hankali, saurin yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, wanda ya ƙara gudu da wuri ba zai sami inda zai je ba a ƙarshe. Na Ginastera ɗan Ajantina, na 1953, da Heldenleben na Strauss daga alamar lamba 9 a takardar, mun ajiye su ga mutum ɗaya kawai a cikin yaran.

Ko da an ce na zamani ake so, da wuya a tsallake simfonin Beethoven ta 5, kashi na uku. Shi ya rubuta saurin gaɓa 96 a minti ɗaya. A fara da na'urar ƙirga bugu a 60, a riƙa ƙara 4 sai an kaɗa sau uku a jere babu tuntuɓe. Wani abu kuma: Mahler da Strauss suna sauka ƙasa da E, bas mai tsirkiya huɗu kuwa ba ya kaiwa nan sai an yi masa ƙari. A yanke tun a gida waɗanne sautuna za a ɗaga oktaf ɗaya, wato zuwa sauti mai suna iri ɗaya na sama, a rubuta da fensir.

Malam kafinta na Sabon Gari, Allah Ya saka da alheri. Hunturu ya buɗe gefen bas ɗin aro, ya manne shi da gam ɗin fata mai narkewa da ruwan zafi, kamar yadda aka roƙe shi. Farin gam na kujeru yana riƙewa fiye da kima, sai katakon ya tsage a madadin haɗin ya saki. Katakon bas yana son laima tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari, iskar Disamba da Janairu a nan kuwa ba ta kusa da haka. A sa jiƙaƙƙen soso cikin roba mai huji a jakarsa, a matse shi kada ya ɗiga. Idan katako ya bushe tsirkiyoyi sukan sauko su riƙa karkarwa a kan allon yatsu, sai a ɗaga jaki kaɗan. In za a sauya tsirkiya, ɗaya bayan ɗaya, domin idan aka sassauta duka, 'yar sandar da ke tsaye a cikin cikinsa za ta faɗi. Ƙaron da ake goga wa bakan bas mai laushi ne, zafin Maris da Afrilu yana narkar da shi, a ajiye shi a tsaye cikin inuwa.

Ga matashin da ya ɗauki bidiyo, mun gode da haƙurinka. Ƙaramar E tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, makirufon waya ba ya kama ta sosai, shi ya sa aka aro na waje aka ajiye shi taku uku daga bas. A kashe fanka, a nisanta janareta, hannaye biyu su fito a hoto, kuma a ɗauka a tashi ɗaya ba yanke.

Hajiya da ta ba mu zaure ta kuma ciyar da mu, direban da ya kwantar da kujerun motarsa ya ɗauko bas daga Tudun Wada jaki yana kallon sama, da iyayen da suka jure ƙarar atisaye har bayan isha'i, Allah Ya biya ku, Ya raya zuri'a. Ɗalibai kuma, kowa ya kawo takardar makarantarsa a buge da kwafi biyu na kiɗansa, ɗaya nasa ɗaya na mai fiyano, a zama na gaba.