Kada ka je wurin malami hannu rabbana: shawara ga ƙannenmu masu zuwa karatun zanen gini a Italiya

Babban kuskuren da na yi a shekarata ta farko, wanda har yanzu nake ganin ƙannenmu suna maimaitawa, shi ne ɓoye aiki sai ya yi kyau. A makarantun zanen gine-gine na Italiya, ko Politecnico ta Milan ce, ko ta Turin, ko IUAV ta Venis, ginshiƙin karatun shi ne darasin da suke kira laboratorio. Za a ba ku fili, a faɗa muku irin ginin da ake so, yawanci ku biyu ko uku a rukuni ɗaya. Kusan kowane mako akwai revisione: ku shimfiɗa abin da kuka yi a kan tebur, malami ko mataimakinsa ya zauna da alƙalami ya bi ta kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Idan kunya ta hana ka zuwa har sati uku, a sati na huɗu za a nuna maka cewa ginshiƙan hawan sama ba su zauna a kan na ƙasa ba, kuma duk abin da ka ɗora a kai sai ya rushe.

Ka je da takarda bugaggiya, ba allon kwamfuta ba, domin malami da hannu yake tunani, kuma ba zai yi zane a kan gilashi ba. Ka riƙe fulan ɗin kowane hawa a sikelin 1:200, da taswirar unguwar a 1:500, da aƙalla sezione ɗaya, wato zanen ginin kamar an yanka shi da wuƙa daga rufi zuwa tushe. Mu mun saba da fulan da fuskar gini, muna raina wannan yankan, alhali shi suke fara nema. Ka sa kibiyar arewa a kowace takarda. Ka tafi da naɗin takarda mai shara-shara, ita ce lucido, a ɗora a kan zanenka a yi gyara. Da an tashi, kafin ka sha ko ruwa, ka rubuta abin da aka ce, domin rabinsa da Italiyanci zai fito ko da kwas ɗin na Turanci ne.

Akwai kurakuran da daga gida muke zuwa da su. Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram ya san rana a matsayin abokiyar gaba, hannunsa da kansa yake zana ƙananan tagogi da inuwa mai zurfi. Kano tana wajen digiri 12 a arewa da tsakiyar duniya, Milan tana 45. A Milan rana ta kudu take bi duk shekara, a hunturu tana ƙasa-ƙasa, kuma so ake ta shigo falo. Ƙa'idar gidajen zama da aka kafa a 1975 ta ce girman taga kada ya gaza kashi ɗaya cikin 8 na girman daɓen ɗaki, tsayin ɗaki mita 2.70, ɗakin kwanan mutum ɗaya murabba'in mita 9, na mutum biyu 14. Gangaren keken guragu kada ya wuce kashi 8 cikin ɗari, ma'ana hawan mita ɗaya yana cin tsawon mita 12.5, ban da wuraren hutawa. Ka lissafa wannan tun farko, don ba a cusa shi daga baya. Bango kuma, mu bulo mai inci tara muke zanawa mu wuce. Su bangon waje yakan kai santimita 40, saboda rigar hana sanyi da ake manna masa, cappotto. Inda dakalin baranda ya huda wannan rigar, nan zafin ɗaki yake zurarewa, nan kuma alƙalamin malami zai fara sauka.

Abin da ke cinye lokacin laboratorio a watan farko takardu ne, don haka a gama da su da zafi-zafi. Kwana 8 na aiki kake da su bayan shigowa ka nemi izinin zama, permesso di soggiorno. Fom ɗin yana gidan waya, cikin ambulan mai ratsin rawaya, a tagar da aka rubuta Sportello Amico. Kan sarki na Yuro 16 kuwa a shagon taba ake sayensa, mai babban harafin T a ƙofa. Kada ka liƙe ambulan ɗin, ma'aikacin zai duba. Rasit ɗin da za a ba ka shi ne shaidarka har katin ya fito, abin da kan ɗauki watanni. Ka ɗauki hotonsa, ka adana shi kamar fasfo. Ranar da aka ba ka ta zuwa Questura, hedikwatar 'yan sanda, ɗaukar zanen yatsu ba a wasa da ita, ko ta faɗo a ranar revisione. Sai ka sanar da 'yan rukuninku tun da wuri. Ka karɓi codice fiscale, lambar shaidarka ta haraji, a ofishin haraji, in ba shi babu haya, babu asusun banki. Rajistar asibitin gwamnati ga ɗalibi Yuro 700 ce tun 2024, kuma ranar 31 ga Disamba take ƙarewa ko a Oktoba ka biya, sai ka yi lissafi kafin ka zuba kuɗinka.

Sabunta izinin yana rataye da jarrabawa: aƙalla ɗaya a shekarar farko, biyu a kowace shekara bayan nan. Makin cin jarrabawa daga 18 ne zuwa 30, kuma darussa irin tarihin gine-gine sau da yawa da baki ake yinsu, kana zaune gaban malami, sauran ɗalibai suna bayanka suna ji. Hadda ba ta fitar da mutum a nan. Za a iya miƙo maka fensir a ce zana fulan ɗin Pantheon, tsohon ginin nan na birnin Roma, ka faɗi yadda ƙubba mai faɗin mita 43 ta tsaya. Gani ya kori ji: Lahadin farko ta kowane wata gidajen tarihi na gwamnati kyauta ne, ka tafi da littafin zane. Kuskurena shi ne tura jarrabawar waɗannan darussa na baki zuwa Satumba saboda laboratorio, sai suka taru suka zama bashi.

Wajen gida, kada ka tura ko sisi kafin ka taka ɗakin da ƙafarka. Doka ta hana kuɗin ajiya su wuce hayar wata uku, kuma dole a yi wa yarjejeniyar rajista a ofishin haraji. Mai gidan da ya ce a bar rajista a rage maka kuɗi, takardar da za ka buƙata gaba ya hana ka. Ka tambaya ko kuɗin ɗumama gida suna cikin haya. Ka leƙa bayan kabad da kusurwar taga, baƙin tabo fumfuna ce. Ka kuma auna tebur: in takardar A1, mai santimita 59.4 da 84.1, ba za ta kwanta a kai ba, ɗakin bai yi ba. Batun abinci, kowa ya san ya guji prosciutto da pancetta, naman alade ne, amma strutto ne ke shammatar mutane, kitsen alade ne, yana cikin wasu burodi da piadina, wata irin gurasa, sai an karanta bayan leda. A Disamba kafin biyar na yamma magariba ta yi, azahar da la'asar da magariba duk a makaranta za su same ka, ka nemi lungunka tun makon farko.

Sai samfurin gini na kwali, plastico, inda dare yake ƙarewa ba a sani ba. Kaurin kwali lissafi ne: bango mai santimita 30 yana zama milimita 1.5 a sikelin 1:200, milimita 3 a 1:100, milimita 6 a 1:50. Wanda ya sayi kwalin da ya ga dama zai ga ɗakunansa sun tsuke, matakala ta ƙi shiga. Yanka da rular ƙarfe, ja uku ko huɗu a hankali maimakon ɗaya da ƙarfi, kuma da reza ta fara jan gashin kwali ka karya bakinta. Ka yanke tagogi kafin ka tayar da bango. Farin gam irin Vinavil da tsinken sakace ake shafa shi, in ya yi yawa kwali ya sha ruwa ya lanƙwashe. Gam mai warin fetur da fentin feshi suna narkar da farin soso nan take, ka gwada a guntu tukuna. Gindin samfurin ya zama katako, kuma kada ka kwantar da shi kusa da na'urar ɗumama ɗaki, kafin asuba zai bankare.

Makon miƙa aiki, consegna, shagunan buga takardu na kewayen makaranta cika suke maƙil, domin kowa rana ɗaya aka ba shi. Ka buga saura kwana biyu. Ka fitar da PDF a ainihin girman takardar, ka gaya wa mai shagon ya buga ɗari bisa ɗari, domin in na'ura ta matse zanen don ya shiga takarda, sikelin ya tashi daga aiki. Ka ɗora rula a kan ƙofa ɗaya ka tabbatar tun kana shagon. Ka fara buga wani yanki a A3, saboda launi a takarda ya fi na allo duhu, layi mai kaurin milimita 0.05 kuma ɓacewa yake yi. A zane, layin abin da aka yanka, kamar bango, ka ba shi kaurin 0.5, na kayan ɗaki 0.13. Daren ƙarshe ka duba ko akwai sciopero, yajin aikin motoci da jiragen ƙasa, wanda ya fi faɗowa ranar Juma'a. Samfurin ka sa shi a kwalin da ya fi shi tsayi, ka rufe da leda saboda ruwan sama, ka fita kafin bakwai da rabi ko bayan tara don gudun cunkoso, da ƙaramin gam da reza a aljihun jaka.