Inda aka kwana da aikin bambar baya ta MGB

Salamu alaikum ƴan uwa masu koyon aikin tsoffin motoci. Bambar roba ta hau bayan motar amma hawan gwaji ne, noti biyu kaɗai ke riƙe da ita kuma da hannu na ɗaure su, don haka kar wani ya ce an gama. Ga waɗanda ba su san motar ba, MGB ce ta 1972, ƙaramar motar Ingila mai kujera biyu da ake buɗe ma sama, an ƙera irinta a garin Abingdon daga 1962 har 1980. Tawa ta zo da bambar ƙarfe mai walƙiya, tsatsa ta cinye ta daga ciki har yatsa na shiga, shi ya sa na nemo baƙar bambar da kamfanin ya koma sa ma motocin tun ƙarshen 1974. Daga Kano aka kawo min ita, Ƙofar Ruwa, an cire ta daga wata da ta mutu.

Na san can Turai akasin haka ake yi, mutane cire ta robar suke su maida ta ƙarfe saboda ta fi kyau, kuma gaskiya ta fi kyau ban musa ba. To amma su ba su bin hanyar babbar kasuwa da yamma, kabu-kabu a bayanka, adaidaita a gefenka, amalanke na neman wurin kutsawa. Ni motar hawa nake so ba ta ajiya ba. Kuma ita baƙar bambar dama don irin wannan aka yi ta, doka ce Amurka ta kafa cewa mota ta iya ɗaukar karo na mil 5 a awa, wajen kilomita 8 kenan, ba tare da fitilu ko tankin mai sun lalace ba, daga motocin 1974 aka ce gaba da baya duka. Tunda Amurka ce babbar kasuwar MG, kamfanin da ke ƙera motar, a lokacin, dole suka bi.

Abin da nake so duk mai koyo ya gane kafin ya kashe jikkunansa: robar nan riga ce kawai. In ka juya bambar za ka ga wani kakkauran ƙarfe a ciki daga wannan gefe zuwa wancan, shi ne bambar ta gaskiya, shi ya sa mutum ɗaya ba ya ɗaga ta ya daidaita, sai da yaran garaji biyu suka riƙe min. Kuma shi ma ƙarfen ba ya tsinana komai in abin da aka ɗaure shi a kai ba shi da ƙarfi. MGB ba ta da shasi daban irin na tsoffin Land Rover, jikin da shasin abu ɗaya ne, ƙarafa biyu ne ke bi ta ƙarƙashin but suna zuwa baya. A motocin da suka fito da bambar roba an ƙarfafa wurin tun daga kamfani, a tawa ba a yi ba, gwangwanin baya ne siriri kawai. In ka huda gwangwanin nan ka ɗaure abu mai wannan nauyi, ramukan hanyar Dan Issa kaɗai sun isa su yage shi, balle a ce an buge ka.

Don haka yawancin aikin a ƙarƙashin mota ya ƙare. Na yanka kwali na fidda siffar farantin da zai zauna a bakin kowane ƙarfen shasi, na kai ma Baba mai walda ya yanko min a ƙarfe mai kaurin milimita 4, da ɗan kusurwa da zai kama gefen shasin don kar nauyin ya tsaya a wuri guda. Da ya duba sai ya ce min, yaro, ka sauke tanki tukuna sannan ka kira ni. Kuma gaskiyarsa, tankin MGB a ƙarƙashin but yake, tazarar da ke tsakaninsa da inda za a yi walda ba ta kai kamu ɗaya ba, kuma tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari saboda tururin. Mun sauke shi mun kai shi can bayan garaji ƙarƙashin bedi, mun toshe bututun mai, mun cire batir. Ku lura ta 1972 batir biyu gare ta masu volt 6 a bayan kujeru, ba a gaba ba, yaran sun daɗe suna nema a wurin injin.

Maganar sufana kuwa, notocin motar nan na inci ne, mu kuma nan Maradi duk kayan aikinmu na milimita ne. Lamba 13 tana shiga notin rabin inci amma da ɗan wasa tunda shi 12.7 ne, a noti mai tsatsa wannan wasan ya isa ya cinye kan. 11 tana kama 7/16 lafiya lau, 14 kuwa ba ta shiga 9/16 sam. Ku sa a kawo maku na inci daga Katsina, kuma kar ku yarda a tura notin milimita a zaren inci da ƙarfi.

Sai wurin da ya tsaida ni. A ƙarƙashin fitilun baya na tsohon samfuri jikin motar yana saukowa ya yi tsini, a sabon samfuri an datse tsinin nan don kunnuwan bambar su zagayo su zauna a ƙarƙashin fitila. Ma'ana sai an yanke shi bambar za ta matso jiki, yanzu haka akwai giɓi da hannuna ke shiga. Na ja layi da alli, na auna daga ƙasan fitila a gefen biyu, tolye, mai gyaran jikin mota, ya zo da injin yanka na ce ya dakata. Jikin da ya wuce shekara hamsin ba a taɓa shi ba, wallahi zuciyata ba ta son jin ƙarar injin a kansa. Shawarar da na tsaya a kai ita ce za a yanka, amma da siririn faifai, yanka ɗaya a miƙe, a shafa ma guntayen biyu fentin hana tsatsa a ajiye su, duk wanda motar ta faɗa hannunsa bayana in yana son ta koma yadda take sai ya mayar. Kuma dole a rufe bakin yankan da ƙarfe, in an bar shi a buɗe ruwan damina da laka nan za su taru.

Da muka sauke motar daga jak da bambar a jiki, bayan ya ɗan zauna, sifirin ɗin sun gaji dama. Kamfani ya ɗaga motocin bambar roba da kamar inci ɗaya don tsayin ya kai abin da doka ta ce, kuma hakan ya rage masu riƙon hanya a kwana, ni ba zan ɗaga tawa haka ba, sabon sifirin na daidai tsayinta nake nema. Fitilun lamba ma a jikin tsohuwar bambar suke, yanzu sai an ja masu waya zuwa farantin lambar. Salansa tana wucewa ba ta taɓa robar, wannan kam alhamdulillahi.

Robar ta yi fari-fari saboda rana, wani ya ce in shafa baƙin mai, ban yarda ba, ƙurar hunturu za ta manne ta zama taɓo. Sabulu da soso na sa tukuna. In akwai wanda ya san mai buga sifirin da hannunsa ke da kyau tsakanin nan da Katsina, dan Allah ya faɗa min kafin a maida tanki.