Yadda kalmar "bank" ta kunyata ni

A farkon shigata aikin fassarar labarai an miƙo mini wani rahoto a kan Falasɗinu, na ci karo da "West Bank" a cikinsa, ban yi wata-wata ba na rubuta "Bankin Yamma". Editanmu, wani dattijo mai haƙuri, ya karanta ya dube ni ya ce, "Samari, a wane gari hedikwatar wannan banki take?" Ashe gaɓar yamma da Kogin Jodan ake nufi, yankin da Isra'ila ta mamaye tun 1967.

Kunyar da na ji ce ta sa na zauna da babban ƙamus a daren nan, inda na tarar an raba kalmar gida-gida, kowane da tarihinsa. Wadda ke nufin gaɓar kogi ko tudun ƙasa ita ce babba a shekaru, domin ta shiga Turanci wajen shekarar 1200 daga bakin mutanen arewacin Turai. Ta kuɗi kuwa sai a ƙarshen ƙarni na 15 ta iso Ingila, ta biyo ta Faransanci daga kalmar Italiyanci "banca", wato bencin da masu canjin kuɗi ke baza hajarsu a kai a birane irin su Fulorens, inda iyalan Medici suka kafa bankinsu a 1397. Duk wanda ya taɓa ratsa Wapa a Kano ya ga 'yan canji a zaune, ba zai sha wahalar gane yadda benci ya zama banki ba. Kalmomin nan biyu da muka aro, benci da banki, tushensu ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne "bankrupt", daga "banca rotta", karyayyen benci, alhali mu ma idan jarin ɗan kasuwa ya ƙare cewa muke yi ya karye.

Tun daga ranar na daina fassara kalmar kafin in duba maƙwabtanta a cikin jimla, kuma na daina tsayawa a ma'anar farko da ƙamus ya kawo. Hakan ya cece ni bayan 'yan makonni, da wani rahoto ya ce jirgin sama ya yi "bank" zuwa hagu kafin ya sauka. Karkata ya yi kamar gangaren gaɓa, kuma haka na rubuta.