Wata bakwai ina tari kafin na ga likitan huhu

Wajen ƙarfe uku na dare tarin yake tashina. Busasshe ne, sai wani siririn kuka a ƙirji kamar ana busa usur daga nesa. Gari na wayewa sai ya lafa, in ce ai sanyi ne. Haka na kwashe wata bakwai ina ɗirkar maganin tari kwalba bayan kwalba, na sha na kashe ƙwayoyin cuta har zagaye uku, ko gezau.

Likitan da na saba gani ya kyauta da ya sa aka gwada kakina, domin duk tarin da ya haura mako 2 ya kamata a duba ko tarin fuka ne. Ba a ga komai ba, hoton ƙirji ma fes. A nan ya ce in je wajen ƙwararren likitan huhu. Wallahi sai ranar na san akwai wanda ya karanci huhu takanas. Na sha yawo kafin na gane cewa a babban asibitin da aka tura ni, sashen ƙirji ake ce wa wurin, kuma ba a ganin likitocin sai da takardar turawa. Wanda zai je ya riƙe hotunansa na baya da kwalayen duk maganin da ya sha.

Likitar ta daɗe tana tambaya kafin ta taɓa ni: yaushe tarin yake tsananta, ina shan taba, wa ke da irinsa a dangi? Sannan aka matse min hanci da wani ɗan maƙali, aka ba ni bututu na cika baki. "Malam, ja numfashi har ƙarshe, ka huro da duk ƙarfinka. Ci gaba, ci gaba!" Sai da na ga duhu-duhu. Sau uku na yi. Aka shaƙa min salbutamol, maganin buɗe hanyoyin iska, muka jira minti 15, na sake hurawa. Iskar da na fitar a daƙiƙar farko ta ƙaru da fiye da kashi 12 cikin 100.

Asma ce. Ta zana min hanyoyin iska a takarda, ta nuna yadda suke kumbura su tsuke, abin da hoto ba ya kamawa. Ta ce da a ce lalacewar huhu ce irin wadda shekarun hayaƙin taba ko na itace ke jawowa, da maganin bai buɗe su haka ba. Maganin kashe ƙwayoyin da na yi ta sha kuwa, na nimoniya ne da makamantanta, ba ruwansa da kumburin asma.

Na ji tsoron abin shaƙar, don an sha ce min wanda ya fara ba ya bari. Abin yana min ciwo, mutane nawa wannan magana marar tushe ta hana barci! Iri biyu ta ba ni: shuɗi na buɗe ƙirji nan take, da wani na kullum mai rage kumburin, wanda ake kurkure baki bayan an shaƙa. Ta sa na gwada a gabanta, ashe a harshe nake fesawa. Ta haɗa min da wata roba da ake jona wa abin shaƙar a sa a baki, in ja a hankali, in riƙe numfashi daƙiƙa 10.

A mako na biyu ne matata ta tashe ni da asuba, ta ce daren jiya ko sau ɗaya ba ta ji tarina ba.